Shawara: Kuɗin Gidan Tsohon Soja Ɗalibi a Amurka, Nawa Ne Zai Shigo Hannu?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana yana cewa: "Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin Damagaram ne, mazaunin Amurka, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na yi aiki a rundunar ko-ta-kwana ta sojan ƙasa, an kira ni bakin daga sau biyu, jimillar wata 26 a lissafina, kuma yanzu an sallame ni lafiya. Na sami gurbin digiri na farko a jami'ar gwamnati ta jiharmu, zan fara a watan Agusta da tallafin GI Bill. Na duba na ga kuɗin gida na yankin jami'ar dala 2,400 ne a wata. Na sami gida mai ɗaki biyu a kan dala 1,900, mai gidan yana so in sa hannu na shekara guda. Niyyata in ajiye aikin tuƙin da nake yi, in fara da kiredit 9 domin na daɗe rabona da aji, wasu darussan ta intanet saboda yara, dala 500 da za ta rage kuma in riƙa aika wa mahaifiyata. Mai ɗakina ta ce hankalinta bai kwanta ba. Shin lissafina daidai ne?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, domin komawa aji bayan shekarun kaki, ga iyali a wuya, ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Amma ina roƙonka kada ka sa hannu a takardar hayar nan tukuna, kuma kada ka ajiye aikinka, domin mai ɗakinka tana da gaskiya. Dala 2,400 da ka gani ita ce ƙololuwar abin da ake ba wanda ya cika kowane sharaɗi, a watan da aka yi karatu daga farkonsa har ƙarshensa. Abin da zai shigo asusunka, idan aka baje shi a kan wata 12 na haya, zai yi kusa da rabin haka, kuma da tsarin kiredit 9 da ka yi niyya (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi a jami'a) ba zai ma kai rabin ba.

Tallafin GI Bill da kake magana a kai, wato tallafin karatu na tsoffin sojoji, ya samo asali ne daga dokar da majalisar Amurka ta yi a 2008 domin waɗanda suka yi aikin soja bayan 10 ga Satumba 2001, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2009, kuma Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, ita ke biyansa. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga jami'a, kuɗin gida da na littattafai kuwa suna shiga asusun ɗalibi, kuma ba a cire musu haraji. Ma'aunin kuɗin gidan shi ne alawus ɗin da Ma'aikatar Tsaro ke ba soja mai matsayin E-5, wato saje a rundunar ƙasa, wanda yake da iyali, a yankin da makarantar take. Saboda haka ba a duba igiyar da ka sauka da ita, ba a duba yawan 'ya'yanka, ba a kuma tambayar nawa mai gida ya yanka maka. Wurin karatu ne kaɗai ke ɗaga adadin ko ya sauke shi, shi ya sa a San Francisco ko birnin New York ya haura dala 4,000, a wasu ƙananan garuruwa kuma bai kai 1,500 ba. Tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2017, ana bin lambar gidan waya ta harabar da ɗalibi yake halartar mafi yawan darussansa da ƙafarsa, don haka idan jami'arku tana da reshe a wani gari kuma a can za ka zauna aji, adadin reshen ne naka. Ka kuma tabbatar da shekarar adadin da ka gani, domin Ma'aikatar Tsaro tana sabunta nata a ranar 1 ga Janairu, VA kuwa ba ta fara biya da sabon ba sai 1 ga Agusta.

Ragi na farko yana zuwa ne daga tsawon aikinka. Wanda ya yi wata 36 ko fiye a bakin aiki shi ke samun kashi 100, haka wanda aka ba lambar yabo ta Purple Heart, da wanda ya yi aƙalla kwana 30 a jere aka sallame shi saboda raunin da ya samu a dalilin aiki. Daga wata 30 zuwa ƙasa da 36 kashi 90 ne, daga 24 zuwa ƙasa da 30 kashi 80, daga 18 zuwa ƙasa da 24 kashi 70, daga wata 6 zuwa ƙasa da 18 kashi 60, daga kwana 90 zuwa ƙasa da wata 6 kuma kashi 50. Wata 26 ɗinka ya ajiye ka a kashi 80, wato dala 1,920 maimakon 2,400. Kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarka ita ce "a lissafina". Ga sojan ko-ta-kwana ba kowane lokacin da aka sa kaki ake ƙirgawa ba, domin atisayen ƙarshen mako da horon mako biyu na shekara-shekara ba sa shiga, kuma tsakaninka da matakin kashi 70 wata biyu ne kacal. Abin da zai raba gardama shi ne takardar shaidar cancanta da VA ke aiko wa wanda ya cike fom mai lamba 22-1990, wadda take ɗauke da kasonka da yawan watannin da kake da su. Idan ba ka nema ba tukuna, wannan ne aikin da ya kamata ka yi a makon nan, tare da takardun sallamarka na DD-214 na duka kiran biyu.

Ragi na biyu yana zuwa ne daga nauyin darussan da ka ɗauka. A digiri na farko kiredit 12 a zango shi ne cikakken karatu a yawancin jami'o'i. VA tana raba abin da ka ɗauka da 12, sannan ta mayar da sakamakon zuwa goma mafi kusa. Kiredit 9 kashi 75 ne, sai a biya kashi 80. Kiredit 10 kashi 83 ne, shi ma 80 ake biya, kiredit 11 yana kawo 90, kiredit 8 yana kawo 70, kiredit 7 kuma 60. Kiredit 6 rabi ne daidai, kuma doka ta ce sai wanda ya wuce rabi ake ba kuɗin gida, don haka mai kiredit 6 ba ya samun ko sisi. Da kiredit 9, dala 1,920 ɗinka ta koma 1,536, wadda tun a nan ta gaza kuɗin hayar da dala 364, balle a yi maganar abin da za a aika gida.

Batun intanet yana buƙatar kulawa ta musamman, domin nan ne mutane da yawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. Idan dukkan darussan zangon ta intanet ne, ba a duba garin makarantar kwata-kwata, sai a biya rabin matsakaicin adadi na ƙasa baki ɗaya. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 wannan rabin ya kama dala 1,054.50, yana kuma ɗan motsawa kowace shekara. Shi ma ana yi masa ragin nan biyu, don haka da kashi 80 da kiredit 9 zai sauko zuwa kimanin dala 675. Amma darasi ɗaya tak da kake zuwa aji da ƙafarka ya isa ya dawo maka da adadin garin a kan dukkan kiredit ɗin zangon. Sharaɗin shi ne darasin ya kasance cikin waɗanda digirinka ke buƙata, kuma makaranta ta kai rahotonsa ga VA a matsayin na cikin aji. Darasin da ake haɗa aji da intanet a cikinsa, kada ka yi masa zato. Ka tambayi jami'in makaranta mai tabbatar wa VA rajistar tsoffin sojoji yadda zai rubuta shi, kafin ka yi rajista.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi duka girma, wanda kuma adadin wata-wata yake ɓoyewa. Ana biyan kuɗin gida ne a kan kwanakin da zangon karatu yake gudana kawai. Tun 1 ga Agusta 2011 aka daina biyan hutun da ke tsakanin zango da zango. VA tana ɗaukar kowane wata a matsayin kwana 30, watan da aka fara ko aka gama karatu a tsakiyarsa kuma ana biyan kwanakin da suka shiga ne kaɗai. Bari mu ƙaddara ka ɗauki kiredit 12, kana da dala 1,920 a cikakken wata, wato dala 64 a kwana, kuma mu ƙaddara zangon farko daga 25 ga Agusta ne zuwa 12 ga Disamba, na biyu daga 12 ga Janairu zuwa 8 ga Mayu, wanda ya yi kama da jadawalin jami'o'i da yawa a can. Agusta zai ba ka kwana 6, dala 384. Satumba da Oktoba da Nuwamba cikakku ne. Disamba kwana 12 ne, dala 768. Janairu kwana 19 ne, dala 1,216. Fabrairu da Maris da Afrilu cikakku ne, Mayu kuma kwana 8, dala 512. Yuni da Yuli babu komai. Jimilla kwana 225 ke nan, dala 14,400 a shekara, wanda idan ka raba shi 12 zai ba ka dala 1,200 a wata. Da kiredit 9 jimillar dala 11,520 ce, wato 960 a wata. Hayar da kake shirin ɗauka kuwa dala 22,800 ce a shekara, don haka giɓin ya kai dala 8,400 idan ka yi cikakken karatu, 11,280 kuma idan ka tsaya a kiredit 9, ba a sa abinci da wuta da inshorar mota ba. Sau shida kaɗai a shekara za ka ga cikakken adadi ya shigo, kuma kamar yadda manomi yake zuba amfanin kaka a rumbu domin ya kai shi wata damina, haka ya wajaba ka riƙa ware wani abu daga waɗannan watanni shida domin sauran shidan. Ka ɗauki ainihin jadawalin jami'arku ka sake wannan lissafin da ranakunta, domin bambancin mako guda yana nufin kusan dala 450.

Lokacin shigowar kuɗin ma abin dubawa ne, domin a ƙarshen wata ake biya, bayan an yi karatun. Idan ka tare a gidan ranar 1 ga Agusta, za ka biya kuɗin ajiya da hayar Agusta, ranar 1 ga Satumba kuma ga wata hayar, jimilla dala 5,700 idan ajiyar ta yi daidai da hayar wata guda, alhali abin da zai shigo daga VA zuwa wannan lokaci dala 384 ce. Cikakken biya na farko sai farkon Oktoba, shi ma idan makaranta ta tura rajistarka da wuri kuma ba a sami cunkoso ba. A kakar 2018 matsalar kwamfutocin VA ta sa dubban ɗalibai suka yi makonni suna jiran kuɗinsu, wasu har masu gida suka fara yi musu barazanar tashi. Akwai kuma tabbatarwar wata-wata da aka shigo da ita tun 2021: VA za ta riƙa aiko maka saƙon waya ko na imel a ƙarshen kowane wata domin ka shaida cewa kana nan a makaranta, wanda kuma ya yi wata biyu a jere bai amsa ba ana tsayar masa da kuɗin gida har sai ya gyara. Duk wanda zai fara wannan karatu da iyali ya kamata ya shiga da ajiyar hayar wata biyu zuwa uku a hannu.

Na fahimci dalilinka na son farawa da kiredit 9, kuma dalili ne mai kyau, amma yana da haɗarin da nake so ka sani. Yawancin darussa kiredit 3 ne. Idan ɗaya ya gagare ka a tsakiyar zango ka janye daga shi, ka koma kiredit 6, kuɗin gidan ya tsaya gaba ɗaya. Idan kuma ka janye bayan wa'adin canja darussa ba tare da uzurin da VA ta yarda da shi ba, irin su rashin lafiya ko rasuwa a cikin iyali ko canjin aiki na dole, tana iya mayar da ragin zuwa ranar farko ta zangon, abin da aka riga aka ba ka ya zama bashi a kanka. Akwai sassauci sau ɗaya a rayuwar tallafin, na kiredit har 6, inda ake barin maka abin da ka karɓa zuwa ranar da ka janye, amma daga shi babu wani. Wanda ya fara da 12 ya sauke ɗaya yana nan da 9, yana karɓar kashi 80. Saboda haka ni a ganina kiredit 12 da aka zaɓa da hikima, darussa biyu masu nauyi da biyu masu sauƙi, ya fi maka kwanciyar hankali a kan kiredit 9.

Akwai wani lissafin da ya wuce na shekara guda. Tallafin wata 36 ne na cikakken karatu, kuma ana cinye shi da kwanaki. A misalinmu kwana 225 wata bakwai da rabi ne, shekara huɗu ke nan za ta ci wata 30, a bar maka wata 6. Amma digiri na farko yakan buƙaci kiredit 120, kiredit 12 sau zango takwas kuwa 96 ne kawai. Wannan giɓin na kiredit 24 shi ne zai sa karatun bazara ya yi maka amfani biyu, ya matso da ranar gamawa, ya kuma kawo kuɗin gida a watannin da babu. A gajeren zango ba sai ka ɗauki 12 ba, domin ana ninka kiredit ɗin da 18 a raba da yawan makonni: kiredit 6 a mako takwas ya zama 13.5, wato cikakken karatu. Ɗaukar kiredit 15 a zango ba ya ƙara kuɗin gida a kan na 12, amma ba ya ƙara cin watanninka, don haka idan ka saba da karatun daga shekara ta biyu, riba ce. Ka kuma nemi rundunar ta aika wa jami'a takardar horon da ka samu a soja, domin jami'o'i da dama suna ba da kiredit a kansa. Da kiredit 9 a zango kuwa digirin zai ɗauke ka kusan shekara bakwai, kuma watanni 36 za su ƙare kafin ka kammala.

Kada ka manta cewa kashi 80 ɗin nan ya shafi kuɗin makaranta ma. VA za ta biya kashi 80 na kuɗin makarantar da ake karɓa daga ɗan jiha, saura kashi 20 a kanka, kuma shirin Yellow Ribbon da ke cike giɓi na masu kashi 100 ne. Kuɗin littattafai, wanda iyakarsa dala 1,000 ce a shekara, zai zama 800 a wurinka. Hanyar da ta fi kusa ta toshe wannan ita ce ka cike fom ɗin FAFSA, wato na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, domin magidanci mai 'ya'ya biyu da matsakaicin samu yana iya cancantar tallafin Pell, wanda kyauta ne ba rance ba, kuma karɓar GI Bill ba ya hana shi. VA tana da shirin aikin wucin gadi ga ɗaliban da suka ɗauki kashi uku cikin huɗu na karatu ko fiye, sau da yawa a ofishin tsoffin sojoji na makarantar. Idan kuma ka dawo daga bakin daga da wani ciwo da VA ta amince aiki ne ya jawo shi, ka tambaya game da shirinta na horar da tsoffin sojoji masu rauni domin samun sana'a, wanda ake kira Babi na 31, domin yana iya ɗaukar kuɗin makarantar gaba ɗaya.

Game da Hajiya, na san nauyin da ke zuciyarka, kuma na san yadda labari yake isa gida cewa gwamnati tana biya wa wane kuɗin gida har da ragowa. Abin da ya fi shi ne ka kira ta ka yi mata bayani da kanka tun yanzu, ka gaya mata cewa shekara huɗu ne na ɗaure ciki, ka yanke wani adadi, ko da ƙarami ne, wanda zai fito daga aikinka kuma ba zai yanke ba a Yuni da Yuli. Uwa ta fi samun natsuwa da kaɗan mai zuwa kowane wata a kan alkawarin dala 500 da zai zo sau biyu ya tsaya, ya bar ta tana tunanin ko wani abu ya same ka. Idan kana da 'yan'uwan da za su iya kama maka a wannan tsakanin, ba abin kunya ba ne ka faɗa musu.

Shawarata a aikace ita ce ka rage sa'o'in tuƙin maimakon ka ajiye shi, ka ƙara su a hutun Disamba da na bazara, ka ɗauki kiredit 12 da aƙalla darasi ɗaya na cikin aji, kuma ku zauna da mai ɗakinka da takarda da biro ku rubuta wata 12 a jere, a gaban kowane wata abin da zai shigo daga VA da abin da zai fita. Gidan da za ku nema shi ne wanda dala 1,200 tare da abin da aikinka zai iya kawowa ba tare da ya cinye lokacin karatu ba za su riƙe shi. Ka tambayi jami'ar ko tana da gidajen ɗalibai masu iyali, domin sukan fi na gari araha. Idan mai gidan nan ya matsa sai ka sa hannu kafin takardar VA ta iso, ka bar masa gidansa. In kuwa takardar ta zo da kashi 70, sai ka sake lissafin da dala 1,680 a cikakken wata, wato 56 a kwana, 12,600 a shekara, 1,050 a kowane wata na haya. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya raya zuri'a.